Shin damuwa tana lalata haƙori? Amsar likitan haƙori

Tambaya: Likita, kimanin wata 6 ke nan ina cikin matsi, ga aiki ga jinyar mahaifiyata. Tun daga lokacin nake tashi da safe muƙamuƙina a gajiye, kaina yana ciwo ta gefe, dasashina yana jini idan na goge baki. Kwanan nan kuma gefen wani turmin haƙorina ya ɓalle alhali abu mai laushi nake taunawa. Maigidana ya ce yana jin ina gurza haƙora cikin barci. Shin damuwa ce ta jawo duk wannan? Idan hankalina ya kwanta, za su warke da kansu?

Amsa: Sannu da ɗawainiya 'yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

E, damuwa tana da hannu a abin da kika lissafa, kuma alamominki sun yi daidai da abin da muke gani a bakin mutanen da suka daɗe cikin matsi. Sai dai tambayarki ta biyu ta fi tsaya mini a rai. Gajiyar muƙamuƙi da ciwon kai za su iya lafawa idan hankali ya kwanta. Jinin dasashi ma yakan tsaya idan aka kama shi da wuri. Amma farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ba shi da jini, ba shi da ƙwayoyin halitta masu rai da za su sake gina shi. Ƙashi idan ya karye yana haɗewa, fata idan ta yanke tana rufewa, haƙori kuwa abin da ya zaizaye ko ya ɓalle ya tafi ke nan. Shi ya sa ba na son ki jira sai jinya ta ƙare kafin ki waiwayi bakinki. Kariyar da yake bukata yanzu yake bukatarta, tun ana cikin matsin.

Bari in fara da gurzar haƙora, tunda ita ce ta fi yi miki ɓarna a halin yanzu.

Mutane da yawa ba su san cewa haƙoran sama da na ƙasa ba a yi su don su zauna a haɗe ba. Idan mutum yana zaune kawai, leɓɓansa a rufe suke, amma akwai 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 4 tsakanin haƙoran. Suna taɓa juna ne lokacin tauna da haɗiya, kuma idan aka tara duk wannan a yini guda bai cika wuce minti 20 ba. Tsokar da ke rufe baki kuwa ƙarfinta ba na wasa ba ne. Akwai wadda take kumatu daf da kusurwar muƙamuƙi, akwai wadda ta shimfiɗu a gefen kai, tsakanin ido da saman kunne. Idan babban mutum ya cije iya ƙarfinsa, nauyin da ke sauka a kan turame yana iya kaiwa kilo 50 zuwa 70. To ki duba abin da zai faru idan haƙoran da aka tsara wa minti 20 suka koma ɗaukar nauyi na sa'o'i, dare da rana, wata da watanni. Tsokar gefen kan nan da ta kwana tana aiki ita ce take ba ki ciwon kai da safe, kuma shi ya sa ciwon yake zama ta gefe.

Abin iri biyu ne, kuma bambanta su yana da amfani domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai gurzar barci, wadda maigidanki yake ji. Tana zuwa ne a lokutan da barci ya ɗan yi sama-sama na 'yan daƙiƙu ba tare da mutum ya farka ba: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya canza, sai tsokar muƙamuƙi ta motsa. Kusan babban mutum 1 cikin 10 yana yinta. Duk abin da ke yanyanka barci yana ƙara ta: tunani, taba, giya, kofi ko shayi mai kauri da dare, da kuma toshewar numfashi cikin barci. Idan kina minshari mai ƙarfi, ko ana ganin numfashinki yana ɗaukewa kina barci, ki faɗa wa likita, domin wannan matsala ce mai zaman kanta.

Na biyun shi ne datse haƙora da rana, kuma shi ne ya fi alaƙa ta kai tsaye da damuwa. Ba ya ƙara, babu mai jin sa, shi ya sa mai yin sa yakan rantse ba ya yi. Mutum yana tuƙi, ko yana kallon waya, ko yana jiran sakamakon gwaji a asibiti, haƙoransa a datse, kafaɗunsa a ɗage, bai sani ba. Nakan tambayi wanda ya zo wurina: yanzu da muke magana, haƙoranka a haɗe suke ko a rabe? Da yawa sai su yi shiru, sannan su ce a haɗe. Ke ma ki gwada yanzu da kike karanta wannan. Sauran alamun kina iya ganinsu a madubi: farin layi a cikin kumatu daidai inda haƙora ke haɗuwa, shaidar haƙora a gefen harshe, tsinin fiƙa ya baje, bakin haƙoran gaba ya yi sumul ko ya fara tsattsagewa. A farkon 2021, lokacin annobar korona, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta tambayi mambobinta, sama da kashi 70 cikin 100 suka ce gurza da datse haƙora sun ƙaru a tsakanin masu zuwa wurinsu.

Batun turmin da ya ɓalle a kan abu mai laushi, kada ya ba ki mamaki. Ba wannan lomar ce ta karya shi ba. Kamar wayar ƙarfe ce da ake lanƙwasawa gaba da baya: ba lanƙwasar ƙarshe ce ta tsinka ta ba, ta dai zo ne a kan gaɓa. Tsagar takan fara siririya, ido ba ya ganinta, sau da yawa ko hoton haƙori ba ya nuna ta, sai ta riƙa nutsawa a hankali. Haƙorin da aka taɓa yi wa babban ciko ya fi saurin faɗawa wannan hali, domin bangonsa ya riga ya yi siriri. Alamar da nake so ki kula da ita a sauran haƙoranki ita ce zafi mai kaifi na ɗan lokaci idan kin cije abu, musamman a daidai lokacin da kika saki cizon, ko tsananin jin sanyi a haƙori guda. Idan tsagar tana sama, ana iya ceto haƙorin da ciko ko a sa masa hula da za ta riƙe shi. Idan ta kai jijiya, sai an yi aikin jijiya tukuna, wato a cire jijiyar a cike gurbinta. Idan kuwa ta sauka har cikin saiwa ta raba ta, yawanci sai cirewa. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe wani lokaci 'yan watanni ne kawai. Don haka a cikin duk abin da kika lissafa, wannan haƙorin shi ne ba zai jira ba. Ki kai shi a duba a cikin makon nan ko na gaba, ko da ba ya ciwo, kuma kafin nan ki daina tauna a wannan gefen.

Me za a yi wa gurzar kanta? Ta dare, abin da muke da shi mafi inganci shi ne murfin roba mai tauri da ake aunawa daidai da haƙoranki, ki sa idan za ki kwanta. Zan gaya miki gaskiyarsa: ba ya hana gurzar. Aikinsa shi ne ya karɓi ɓarnar a madadin haƙori, ya rarraba nauyin a kan baki gaba ɗaya, kuma mutane da yawa suna samun sauƙin tsoka da shi. Na kanti mai laushi, wanda ake tsomawa a ruwan zafi a cije, yana iya rufa asiri na ɗan lokaci, amma wasu yana sa su ƙara taunawa, kuma idan bai rufe dukkan haƙora ba yana iya karkatar da cizo idan aka daɗe ana sa shi. Ta rana kuwa ba roba take bukata ba, lura take bukata. Ki zaɓi wani abu da kike yi sau da yawa a yini, kamar ɗaukar waya ko buɗe ƙofa, ki mai da shi abin tuni: leɓɓa a rufe, haƙora a rabe, harshe a kwance a ganɗa bayan haƙoran gaba. Abin yana kama da wasa, amma a ganina babu abin da ya kai shi amfani, domin da zarar mutum ya fara kama kansa yana datsewa, rabin aikin ya yi. Ki haɗa da gasa kumatu da tawul mai ɗumi na minti 10 zuwa 15 da dare, ki ajiye cingam, ki daina tauna biro ko farce, ki rage hamma mai wage baki. Idan muƙamuƙin ya fara maƙalewa, ko baki ya ƙi buɗewa sosai, wannan sai an duba gaɓar da ke gaban kunne. Ƙarar ƙas-ƙas kaɗai ba tare da ciwo ba, yawanci ba abin tayar da hankali ba ce.

Yanzu dasashi. A nan abubuwa biyu ne suke haɗuwa, kuma ba na son a ɗora wa ɗaya laifin ɗayan.

Na farko yana cikin jini. Idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin kotisol. Na ɗan lokaci wannan alheri ne, yana ba jiki kuzarin fuskantar abin da ya taso. Amma idan ya daɗe a sama, yana rikita garkuwar jiki, yana rage saurin warkewar rauni. An gwada wannan a cikin baki kai tsaye. A 1998, masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka yi wa ɗaliban likitancin haƙori 11 ɗan ƙaramin rauni na milimita 3.5 a ganɗa, sau ɗaya lokacin hutu, sau ɗaya kwana 3 kafin babbar jarrabawa. Raunin lokacin jarrabawa ya ɗauki ƙarin kusan kwana 3 kafin ya rufe, wato jinkirin kashi 40 cikin 100, idan aka kwatanta kowane ɗalibi da kansa. Kafin nan, a 1995, Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a wannan jami'a sun yi irin gwajin a fatar hannun mata 13 masu jinyar 'yan'uwansu da ke fama da ciwon mantuwa. Rauninsu ya ɗauki ƙarin kimanin kwana 9 a kan na matan da ba sa jinya. Na kawo wannan ne domin ki san nauyin da kike ɗauke da shi ba a zuciya kaɗai ya tsaya ba, jikinki ma yana biya.

Na biyu yana hannu. Mai jinya takan kwanta a gajiye, ta tsallake gogewar dare, ko ta yi ta sama-sama cikin daƙiƙa 20. Dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori cike take da ƙwayoyin cuta, kuma ita ce ainihin mai kumbura dasashi. Tun 1965 aka nuna a Denmark cewa mutane masu lafiyayyen baki idan suka daina gogewa, dasashinsu yana kumbura cikin kwana 10 zuwa 21, idan suka koma gogewa kuma ya warke cikin kimanin mako guda. Ma'ana damuwa ba ta ƙirƙiro ciwon dasashi daga babu. Tana sa dauɗa ta ƙaru, sannan ta raunana jikin da zai yaƙe ta. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ga jini sai ya ji tsoro ya daina taɓa wurin. Akasin haka ya kamata: buroshi mai laushi, a karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goge a hankali na minti 2, safe da dare, a kuma tsaftace tsakanin haƙora da zare ko ɗan siririn buroshi. Kwanakin farko jinin zai ci gaba, sannan ya ragu. Idan mako 2 ya wuce bai tsaya ba, akwai dattin da ya daskare wanda buroshi ba ya iya cirewa, sai an yi wankin haƙori, a kuma auna zurfin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Wannan awon ne ke nuna ko ciwon ya tsaya a nama, wanda yake warkewa sarai, ko ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, wanda ana iya tsayar da shi amma da wuya ya koma yadda yake.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa. A 1999, Robert Genco da abokan aikinsa suka duba manya 1,426 a wata gunduma ta jihar New York. Suka ga masu fama da matsin kuɗi sun fi asarar ƙashi da naman da ke riƙe haƙori. Amma a cikin masu matsin, waɗanda suke tunkarar matsalarsu suna neman mafita ba su fi marasa matsi ciwon ba. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu haɗiye shi suna juya shi a rai. Ba ina cewa laifin mai ciwo ba ne, babu wanda ya zaɓi jarrabawarsa. Abin da na fahimta shi ne, neman wanda zai karɓe ki a jinya ko da na dare ɗaya a mako, ko samun wanda za ki faɗa wa abin da ke ranki, yana cikin maganin bakinki kamar yadda buroshi yake ciki.

Idan kina da ciwon suga, ki ƙara sa ido, domin damuwa tana ɗaga suga, suga mai yawa yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saita suga. Masu shan taba kuma nasu ya fi haɗari ta wata fuska: taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, sai dasashi ya ƙi yin jini alhali ciwon yana ci ta ƙasa.

Ba ki ambaci bushewar baki ba, amma zan so ki lura. Jiki yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita 1 da rabi a kullum, kuma shi ne mai gadin haƙori: yana wanke saura, yana kashe tsami, yana mayar wa ɓawon haƙori ma'adinan da ya rasa. Tsoro da fargaba suna rage shi, su sa ya yi kauri, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban taro ya san wannan. Kowane lokaci mutum ya sa abu mai zaƙi a baki, ƙwayoyin cuta suna mai da sukarin tsami cikin 'yan mintuna, haƙori ya fara narkewa a hankali, sai yawu ya ɗauki minti 30 zuwa awa guda kafin ya daidaita al'amura. Don haka yawan lokutan da ake sha ya fi yawan abin da aka sha illa. Mai damuwa kuwa ba ya cin abinci a kan lokaci, sai kurɓa-kurɓa da ciye-ciye: shayi mai sukari kofi bayan kofi, lemon kwalba, abin ƙara kuzari don a iya tsayuwar dare, alewa don jiƙa baki. Bakin da yawunsa ya ragu, ga sukari yana shigowa kowace awa, zai iya yin ramuka da dama cikin shekara guda ko da mai shi bai taɓa yin ko ɗaya ba a baya. Ki mayar da abin zaƙi lokacin cin abinci, tsakani ki sha ruwa. Ki yi amfani da man goge baki mai sinadarin fulorayid, adadin da ake so ga babba shi ne 1,350 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake kira ppm, yana rubuce a jikin kwalin. Bayan gogewa ki tofar kawai, kada ki kurkure da ruwa, domin abin da ya rage a kan haƙori shi ne yake aiki cikin dare. Idan gajiya ta sa dole sai ɗaya za ki iya yi da kyau, ki zaɓi ta dare, saboda yawu yana raguwa ƙwarai cikin barci.

Idan kina fama da ƙwannafi, shi ma yana shiga lissafi. Tsamin ciki ya fi na ƙwayoyin baki ƙarfi nesa ba kusa ba, yana laushe haƙori ta ciki, gurza kuma ta zo ta share abin da ya yi laushi. Bayan amai ko tasowar tsami kada ki goge nan take, ki kurkure da ruwa ki jira kamar awa guda.

Magunguna ma suna da nasu. Amitiriftilin, da ake bayarwa don baƙin ciki ko ciwon jijiya ko rashin barci, yana busar da baki sosai. Wasu magungunan damuwa irin su fulokzetin da satiralin suna iya tayar da datse haƙora ga wasu mutane. Idan an ɗora ki a kan ɗaya daga ciki, kada ki daina da kanki ko kaɗan. Ki gaya wa wanda ya rubuta miki abin da kike ji, akwai gyaran da zai iya yi, ki kuma faɗa wa likitan haƙori duk abin da kike sha.

Ƙananan gyambunan nan masu zafi da ke fitowa a cikin leɓe ko gefen harshe sukan yawaita lokacin matsi, su warke da kansu cikin kwana 7 zuwa 14. Haka ƙurajen gefen leɓe masu ruwa, ƙwayar cutarsu tana kwance a jijiya, tana tashi idan garkuwa ta yi rauni. Amma duk gyambon da ya kai mako 3 bai warke ba, ko wani fari ko jan tabo da ya ƙi tafiya, kada kowa ya ce miki damuwa ce, sai an duba. Akwai kuma wani ciwon dasashi mai tsanani da ya yi suna a tsakanin sojojin da ke cikin ramuka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai zuwa da zafi ƙwarai, da wari, naman tsakanin haƙora ya riƙa ruɓewa. Yana kama wanda matsi da rashin barci da rashin abinci mai kyau da taba suka haɗu a kansa, kuma yana bukatar magani cikin gaggawa.

Idan kin je asibiti, ki faɗi komai yadda kika faɗa mini, har batun jinyar da abin da maigidanki yake ji da dare, domin shi ne zai sa likita ya duba tsoka da gaɓar muƙamuƙi da sauran turame maimakon ya tsaya a haƙorin da ya ɓalle kaɗai. Ki nemi a auna dasashinki, ki tambaya ko kina bukatar murfin dare, kuma a fara gyara haƙorin kafin a auna murfin don ya zauna daidai. Idan kuwa kafin ranar fuskarki ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo tare da ciwon haƙorin, ko haɗiya ta yi wuya, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi a ranar. Idan kuma damuwar ta kai ba kya barci, ba kya cin abinci, ko kina jin rayuwa ta fita daga ranki, wannan ma ciwo ne mai magani, ki faɗa wa likita kai tsaye a wannan zuwan.